Ƙulli Goma Sha Ɗaya a Gwangwanin Inna

Shafi na 14

Inda muka baro su: mai gida ya karɓe ɗakuna biyun da Inna Hindatou ta shekara goma sha shida a ciki, ita da autarta Moufida suka koma ɗaki guda a bayan wani garejin walda a unguwar Mahdiya, cikin garin Sabha na Libiya. Kwana huɗu da tarewarsu aka kira Inna zuwa unguwar Hajara, 'yar aminiyarta Ouma tana naƙuda.

*

Da zare Moufida ta tafi kasuwa ranar Talata. Tun da safe ta auna teburin, tsawo da faɗi, ta sa alama biyu a jikin zaren. Teburin na katako ne, a matse tsakanin gado da bango. Madubi ne a kansa, sai filas, sai cajar waya.

Shagon Muƙaddas yana bakin titi, tsakanin mai gyaran firji da mai sayar da katifa. Mutumin Kano ne, ya shekara ashirin a Sabha yana sayar da tarkacen gida, kuma ɗan Nijar bai taɓa shiga shagonsa ya fita ba a tsokane shi ba.

"'Yar Damagaram, yau da igiya aka zo? Ba a nan ake sayar da akuya ba."

"Abin jera zinari nake so," in ji Moufida. "Wanda ba zai wuce zaren nan ba."

Ya karɓi zaren ya miƙe shi tsakanin hannuwansa, ya ce wannan ai ba teburi ba ne, faranti ne aka yi wa ƙafa. Duk da haka ya hau kujera ya sauko mata da iri uku.

Na farko ƙarfe ne mai siffar bishiya, ana rataye sarƙa a rassansa. Ta ɗaga shi ta mayar. Ƙurar garejin walda tana shigo musu ta ƙarƙashin ƙofa, kuma duk wanda ya leƙo ɗakin zai ga komai a rataye kamar nama a rumfar mahauci.

Na biyu akwati ne mai faɗi, cikinsa jan karammiski, da madubi a murfin. Shi ne ya shiga ranta. Ta ɗora zaren a kansa, ya zarce alamar da yatsa uku. Muƙaddas ya ce yatsa uku ba komai ba ne, ta sauke filas ƙasa. Ta ce babu ƙasan, inda za a sauke filas nan Inna take shimfiɗa dardumar salla.

Na ukun dogo ne siriri. Durowa huɗu ƙanana a tsakiya, ƙofa biyu a gefe masu maratayin sarƙa, a sama kuma layukan soso na zobba da wani ɗan allo mai huji bibbiyu na 'yan kunne. Ya zauna cikin zaren har da ragowa. Ta ja durowar ɗaya bayan ɗaya, ta gwada ko suna cijewa, ta girgiza shi ta ga ko zai kife. Muƙaddas ya ce mai ƙaramin ɗaki dogon abu ya kamata ya nema, ba mai faɗi ba, kuma wannan idan aka rufe shi babu wanda zai ce ba akwatin magani ba ne.

Yana naɗe shi a jarida ya tambaye ta, "Zinarin gaske ne, ko wanda aka yi wa wanka?"

"Na kakata ne. Tun daga Zinder."

"Yanzu a ina yake zaune?"

"A gwangwanin madara. Cikin tsumma."

Ya riƙe haɓa. Ya ce mutanen Nijar ba za su taɓa canzawa ba, a ba su zinari su ƙulle shi kamar daddawa. Sai ya koma maganar sana'a. Ya ce tsumma yana riƙe laima, sarƙa tana harɗewa, zobe yana goge ɗan kunne. Ta fitar da komai, ta ware su jinsi-jinsi, zobe da zobe, sarƙa da sarƙa, tsummokin kuma ta watsar.

Ta ce dama haka ta yi niyya.

Moufida tana aiki ne a wani gidan kwalliyar amare a unguwar Sukra. Shekara uku tana ɗaura wa amaren Libiya zinari a wuya da goshi, uwar amarya tana tsaye a kanta tana bin yatsunta da ido. Wata ma sai ta fito fili ta ce wa mai gidan a sa ido a kan baƙuwar nan. Moufida ba ta taɓa mayar da magana ba. Abin da take faɗa wa kanta kullum shi ne ita ma tana da nata. Tun tana shekara bakwai, ranar da ta ga gwangwanin a ƙasan akwatin Inna ta tambaya, Inna ta ce mata kayan kakarta ne, na aurenta ne, ba a taɓawa sai lokaci ya yi.

Akwatin nan na Inna bai shiga sabon ɗakin ba. A ranar tarewa aka bar wa mai walda shi, gwangwanin ya koma ƙarƙashin gado, jikin bangon da ke haɗe da banɗaki. Da ta jawo shi ranar Litinin tana shara, gindinsa ya yi jawur da tsatsa. Abin da ya kai ta shagon Muƙaddas ke nan.

*

Bayan la'asar ta rufe ƙofa ta zazzage gwangwanin a kan gado.

Ƙulli goma sha ɗaya ne, kowanne da irin ƙyallensa. Akwai atamfa, akwai leshi, akwai gefen kallabi, akwai wanda ya koɗe har ba a gane launinsa. Ta gwada kwance na farko da farce, ta gwada da haƙori, ya ƙi. Ta ɗauko almakashi.

Kafin magariba ta gama. Sarƙa bakwai suka hau maratayi, babbar cikinsu mai kauri kamar igiyar guga. Zobba suka cika layi biyu. Awarwaro suka shiga durowar ƙasa. 'Yan kunne suka jeru a allon, kowanne kusa da ɗan'uwansa. Ta goge kowane guda da auduga kafin ta sa shi. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta kalli teburin, ta ga karon farko ɗakin ya yi kama da ɗakin mutane.

Abu ɗaya ne bai sami wuri ba. Wani tsohon ɗan kunne mai siffar kwando, ƙirar maƙeran Agadas, shi kaɗai a cikin wani shuɗin ƙyalle mai zanen ganye. Ta duba gado, ta duba cikin gwangwanin, babu ɗan'uwansa. Ta sa shi a allon, hujin da ke gefensa ya zauna fayau, ya ɓata layin. Ta cire.

Washegari a hanyarta ta zuwa aiki ta biya da ɗan kunnen ta wurin wani maƙerin zinari. Ya ɗora shi a sikeli, ya ce idan ya narkar da shi zai fitar da zobe siriri. Ya auna yatsarta. Ya ce shi sai bayan la'asar yake kunna wuta, idan ya tara aikin yini, ta dawo jibi ta karɓa.

*

Inna Hindatou ta dawo ranar Larabar da azahar, lokacin da Moufida ta zo hutun rana. Ta shigo da leda cike da dabino da alawa, ta ce an samu mace, uwa da 'ya lafiya, sai dai an sha wuya. Ta zauna a bakin gado ta zare mayafi, tana ba da labarin yadda Ouma ta rikice har ta sa takalmi daban-daban zuwa asibiti.

Moufida ta bari ta sha ruwa. Sannan ta ce, "Inna, duba tebur."

Ta buɗe ƙofofin biyu, ta ɗaga murfin sama, ta ja durowar ƙasa.

Inna ta ajiye kofin a hankali. Ta daɗe tana kallo. Moufida ta fara bayanin tsatsa da laima da abin da Muƙaddas ya ce, amma ta ga ba a jin ta, sai ta yi shiru.

"Ina gwangwanin?"

"Yana waje. Ya lalace, Inna."

"Ƙyallayen fa?"

"Suna leda a bayan ƙofa. Yau zan zubar."

"Kwancewa kika yi, ko yankawa?"

"Sun ƙi kwantuwa."

Inna ta miƙa hannu, Moufida ta ɗauko ledar ta ba ta. Ta riƙa zaro su ɗaya ɗaya tana shimfiɗawa a kan gado, tana shafe kowanne da tafin hannu har ya miƙe. Da ta kai goma sha ɗaya ta naɗe ledar ta ajiye.

Ta ɗora yatsa a kan na farko ta ce wannan na wata 'yar Dosso ne, tana aikatau a Tarabulus, duk babbar salla tana aiko da gaisuwa. Na biyu na wata bazawara ne daga Maraɗi da ta shiga jirgin ruwa shekara shida da suka wuce, ba a sake jin ta ba. Na uku na matar da ke sayar da ƙosai a bakin masallacinsu. Leshin nan kuwa na Ouma ne, wadda Inna ta baro gidanta ɗazu, ta kawo shi ne tun lokacin da ɗanta ya fara ɗauke-ɗauke a gida. Haka ta bi su har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe a ko ɗaya ba.

Moufida tana tsaye, bayanta a jikin ƙofa.

"Ban gane ba."

"Ajiya ce. Ta mutane."

"Duka?"

"Duka."

Daga nan Inna ta faɗa mata yadda abin yake, da muryar da take lissafa mata cefane. Mace idan za ta hau hanyar arewa, ko tana aiki a gidan da ake bincike kayan 'yan aiki, ko tana tsoron na cikin gidanta, sai ta zo. Ta yaga ƙyallenta biyu. Inna ta juya mata baya, ita kuma ta ƙulle abinta a rabi ɗaya da hannunta, ta tafi da ɗaya rabin. Ba a rubuta suna, don rabin matan ba da sunansu na gaskiya suke tafiya ba, kuma takarda mai sunaye ba abin da za a tarar a ɗakin baƙuwa ba ne ranar da aka shigo bincike. Duk wanda ya kawo rabin, ko ita ko ɗanta ko mijinta, a haɗa bakin yagar. Idan ya dace, a miƙa masa ƙullin yadda aka ɗaure shi.

"Ban taɓa ganin cikin ko ɗaya ba," in ji Inna. "Sai yau."

"To ai ga su nan, babu abin da ya ɓata."

Maganar ta fita kafin ta tuna da maƙerin. Ta kawar da kai. Inna ba ta lura ba, idonta yana kan teburin.

"Wace ce mai babbar sarƙar can?"

Moufida ta kalli sarƙar ta girgiza kai.

"Ni ma ban sani ba. Ƙullin ne shaidata, Auta. Mace ta ga ɗaurin hannunta yana nan yadda ta bar shi, shi ke nan, babu rantsuwa, babu gardama. Shi kika sa wa almakashi."

Fushi ya taso wa Moufida. Ta ce ita ba ta yi sata ba, kuma ba ta buɗe kayan kowa ba. Kayanta ta buɗe. Haka aka faɗa mata.

"Kin ce nawa ne, Inna."

"Na ce."

"Shekara goma sha biyar kina cewa."

"Sau ɗaya na faɗa. Ke kika riƙe."

"Me ya sa?"

Inna ta ce yarinya 'yar shekara bakwai idan ta san zinarin matan unguwa yana ƙarƙashin gadonsu, kafin la'asar duk layin ya sani, kafin sati masu bindiga sun sani. Amma idan aka ce mata kayan aurenta ne, kunya za ta rufe mata baki, ko ƙawarta ba za ta faɗa wa ba. Kuma haka aka yi. Dabarar ta yi aiki.

"Na girma ai. Da sai ki faɗa mini."

"Na sha niyya."

"Duk matan nan da suke zuwa, ki ce in je in sayo burodi, alhali akwai burodi a gida..."

"Eh."

Moufida ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai fuska ba. Ta ce ashe shekara uku tana haƙuri da kallon da iyayen amare suke yi wa hannunta, tana ce wa kanta ita 'yar gida ce mai gadon zinari, ashe gaskiyarsu ce, ba ta da ko ƙwaya. Ta tambayi ina na kakarta yake, in dai an taɓa yin sa.

An taɓa yi, in ji Inna. 'Yan kunne ne da sarƙa ɗaya. A hanyar shigowa, kwana ɗaya kafin Gatrun, wasu mutane suka tsayar da motarsu suka sauke kowa. Daga kunnenta aka cire su, Moufida tana goye a bayanta. Ta juya kanta ta nuna mata tsagar da ke kunnenta na hagu, wadda Moufida ta taso tana ji ana cewa ƙaya ce ta ja.

"Ranar na ce duk wadda ta biyo ta hannuna ba za ta hau hanya da nata ba. Naki kuwa babu. Ban tara miki komai ba, Auta. Abin da nake samu a wanki shi muka ci."

Babu wadda ta yi kuka. Daga garejin ana jin ƙarar injin yankan ƙarfe, ya tsaya, ya sake tashi.

Can Inna ta gyara zama ta ce ba lokacin wannan ba ne. Ta sa Moufida ta zauna a gabanta, ta ce ta nutsu ta tuna. Za ta ɗaga ƙyalle, ita kuma ta faɗi abin da ya fito daga ciki.

Suka fara. Leshin Ouma ta tuna, awarwaro biyu ne masu murɗi, domin shi ta fara yankawa. Gefen kallabin ma ta tuna, zobe ne mai jan dutse. Atamfar 'yar Dosso ta ce sarƙa ce, amma wacce daga cikin bakwai, ba za ta rantse ba. Sauran sun haɗe mata. A tsibi ɗaya ta zuba su kafin ta fara gogewa.

Inna ta ɗaga shuɗin ƙyalle mai zanen ganye. Ta ce wannan na Hafsatou ne, 'yar Tanout, shekara uku ke nan.

"Wannan fa?"

Moufida ta kalli ƙyallen. Ta kalli agogon wayarta. Uku da rabi ta wuce. Idan ta faɗa yanzu, sai ta faɗi inda yake. Idan ta yi shiru, za ta iya cewa za ta koma aiki, ta tari mota, ta isa wurin maƙerin kafin ya kunna wuta, ta dawo da shi ta jefa a durowa.

"Ban tuna ba," ta ce.

Inna ta ajiye shi a kan waɗanda ba a sani ba. Suka zama takwas.

Moufida ta ce to me zai hana su raba su daidai gwargwado, su sake ƙullewa? Wasu matan ma ba za su taɓa dawowa ba. Waɗanda za su dawo, bayan shekara biyar ko shida, wa zai tuna yadda ya ɗaure tsumma?

"Ke za ki manta ɗaurin da kika yi wa abin da kika mallaka duka a duniya?"

"To ki tara su ki faɗa musu gaskiya. Kowa ta ɗauki nata."

"Su biyar ne a garin nan. Biyu suna Tarabulus. Huɗu ban san ko suna da rai ba." Inna ta nuna teburin da haɓa. "Ranar da na buɗe wannan a gabansu, babbar sarƙar can za ta yi iyaye uku. Masu rai su zaɓa, matattu su samu ragowa. Kuma duk wadda ta ce nata bai cika ba, da me zan ƙaryata ta?"

Ta ce shekara ashirin ba ta da iƙama, takardar izinin zama, ba ta da shago, ba ta da miji a garin nan. Abin da ya sa ake buɗe mata ƙofa daga Mahdiya har Hajara, ake kiran ta haihuwa da wankan gawa, shi ne idan mace ta rasa inda za ta sa abinta sai a ce mata ta kai wa Hindatou. Ta ce wannan kaɗai ta yi niyyar bar wa Moufida.

Aka kira la'asar. Moufida ta miƙe ta ɗauki mayafinta ta ce za ta koma aiki, an kusa buɗewa.

"Zauna. Yau babu aiki. Sai mun san abin da za mu ce wa Ouma."

"Inna, akwai amarya yau."

"Ta ɗaura da kanta."

Inna ta yi alwala a bakin ƙofa, ta shimfiɗa darduma a ɗan filin da ke tsakanin gado da ƙofar, ta tayar da salla. Babu ta inda mutum zai bi ya fita sai ya tsallake ta. Moufida ta zauna a kan gado da mayafi a cinya, tana kallon minti yana canzawa a waya. Ba ta karɓi lambar maƙerin ba.

*

Inna tana shafa addu'a aka yi sallama daga lungu. Muryar namiji ce, a gajiye. Ya tambaya ko nan ne ɗakin Inna Hindatou, ya ce tun safe yake nema, a tsohon gidan aka yi masa kwatance.

Inna ta saki labule, ta miƙa masa kujerar roba waje, ita ta zauna a dokin ƙofa. Ta gefen labulen Moufida ta hango shi. Dogo ne, ramamme, hannuwansa sun yi fari da siminti, da jakar leda a tsakanin ƙafafunsa. Ya ce sunansa Yaou, mutumin Tanout, yanzu ya fito daga masallacin bakin layi.

Suka gaisa. Ta tambayi hanya, ta tambayi aiki. Ya amsa a gajarce. Sannan ya sa hannu a aljihun ƙirji ya zaro wani abu a naɗe cikin ledar magani, ya warware, ya miƙa mata da hannu biyu.

Shuɗin ƙyalle ne mai zanen ganye.

"Ina Hafsatoun?" in ji Inna.

"Ta rasu, wata biyu ke nan. A garin Zawiya. Ciwon ciki ne, kwana tara."

Inna ta yi salati a hankali, ta yi mata addu'a, ta ce mace ce mai kunya, ranar da ta zo ko ruwa ta ƙi sha. Yaou ya amsa da amin, kansa a ƙasa. Ya ce shi ya gama da ƙasar nan. Gobe da asuba motarsu za ta tashi zuwa Gatrun, daga can sai gida. Wannan ne kaɗai ya tsayar da shi a Sabha.

Inna ta miƙa hannu ta bayan labule ba tare da ta waiwayo ba. Moufida ta ɗauko ɗaya rabin daga kan gado ta sa mata. Inna ta shimfiɗa su biyun a kan gwiwarta. Bakin yagar ya haɗu, ganyen da ya rabu biyu ya koma guda.

Yaou ya kalli ƙyallen a shimfiɗe, babu ƙulli, da tsagar almakashi a tsakiya. Ya ɗago ya dubi Inna.

"Malam Yaou, ba zan ɓoye maka ba. An buɗe. Kayan mutane sun haɗu da juna."

"Wa ya buɗe?"

"A ɗakina aka buɗe. Ni ce."

Ya daɗe yana murza yatsunsa. Moufida tana jin numfashin Inna ta cikin labulen.

Da ya yi magana, muryarsa ba ta canza ba. Ya ce kada Inna ta tayar da hankalinta, shi bai zo da rigima ba. Marigayiya ta faɗa masa abin da ke ciki tun tana asibiti, kuma ba abu ne da zai ɓace cikin na mutane ba. Na mahaifiyarta ne. Ranar da za su baro Tanout marigayiyar ta cire 'yan kunnen daga kunnenta, ta bar ɗaya a wurin 'yarsu, lokacin tana shekara huɗu, ta ce ta riƙe mata, idan ta dawo za su haɗa. Yarinyar tana nan da shi a wuya, a jikin zare, ko wanka ba ta yarda a cire. Ba a faɗa mata rasuwar ba tukuna. Ya ce ba ya so ya shiga gidan ya faɗa mata hannunsa babu komai.

"Ɗan kunne ne guda ɗaya, Inna. Mai kamar kwando. Ba shi da ɗan'uwa."

Inna ta sauke ajiyar zuciya. Tun da ta shigo ɗakin, sai yanzu kafaɗunta suka sauka.

"Alhamdu lillahi. Wannan kam ba zai ɓuya ba. Ɗan jira ni."

Ta dafa ƙofa ta miƙe, ta shigo, ta raɓa ta gefen Moufida zuwa teburin. Ta ɗaga murfin sama. Ta bi allon da yatsa, layi na farko, layi na biyu, layi na uku. Ta ja durowa ta farko ta mayar. Ta ja ta biyu, ta uku, ta huɗu. Ta koma kan allon ta sake bi daga farko, a hankali.

Bibbiyu ne duka.

Ta juyo.

"Auta. Ina na Hafsatou?"